Gayya Domin Yara: Gargaɗi ga Sababbin Masu-bi na Ƙasar Bici

Wataƙila kai sabon mai-bi ne, ba ka daɗe da karɓar baftisma ba. Wataƙila kuwa har yanzu kana cikin masu-tambaya, ka kan zauna daga baya a majami'a ran Lahadi kana saurare. Ko wanne ne kai, akwai tambaya ɗaya wadda ta kan taso a zuciyar mutum sa'anda ya soma bin Ubangiji Yesu, ita ce: To, na bar waɗansu ayyuka na dā, yanzu me zan kama? Wannan 'yar takarda za ta nuna maka aiki guda wanda ya ke kusa da kai. Shi ne ka ba da kanka, ba tare da biya ba, ka taimaki yaran ƙauyukan da su ke nesa da hanya wajen karatunsu da lafiyar jikinsu. Mutanen yanzu su kan ce da shi aikin sa kai. Kakanninmu kuwa sun san irinsa tun tuni, sunansa gayya.

I. GONA BA TA ƘARUWA

Kai da ka ke zaune a ƙasar Bici ka san yadda ƙasar ta ke. Idan ka bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Katsina, ka ratse dama ko hagun, ba za ka ga daji ba, sai gona ta haɗu da gona, gida yana hangen gida. Daga Badume zuwa Ɗanzabuwa, har ka shiga ƙasar Bagwai ko Tsanyawa, da wuya ka sami saura wadda aka bari ta huta. Kakanninmu sun riƙe wannan ƙasa da taki da gumi. Su kan kai toka da kashin dabbobi gona da rani, su shuka gero da dawa da wake da gyaɗa wuri ɗaya, su bar gawo da ɗorawa da kuka a tsaye domin amfaninsu. Wannan hikima ce babba, Allah kuwa ya sa mata albarka, har ƙasa kaɗan ta ciyad da jama'a mai-yawa.

Amma ka lura da abu ɗaya. Mutum ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya biyar, aka raba. Kowannensu ya haifi nasa, za a sāke rabawa. Gona ba ta ƙaruwa, masu-cinta ne su ke ƙaruwa. Yaron da ka gani yau yana kiwon awaki a bakin hanya, rabonsa na gādo ba za ya ciyad da iyalinsa ba. Tilas za ya haɗa noma da wata sana'a, ko kuwa ya tafi cin rani birni. A can za a miƙa masa takarda a ce ya sa hannu. Za a aiko masa da kuɗi ta waya. Za ya sayi maganin feshi wanda an rubuta gwargwadonsa a jikin kwalba. Idan bai iya karatu ba, kullum sai ya ari idon wani, wanda ya ara maka ido kuwa, abin da ya ga dama shi za ya nuna maka. Haka kuma yarinya: ran da ta zama uwa, ita ce za ta duba katin asibiti, ita ce za ta auna wa jariri magani da tsakad dare. Domin wannan, karatu a ƙasarmu ya zama kamar gona ta biyu, wadda ba a raba ta ran gādo.

II. NISA IRI BIYU

Wani za ya ce, Ai ƙasar Bici ba lungu ba ce. Gaskiya ne. A cikin garin Bici akwai babbar kwalejin horad da malamai ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a cikin shekarun 1980, ɗalibai kuwa su kan zo mata daga jihohi dabam dabam. Tun 1976 aka yi shelar karatun firamare kyauta ga dukan yaran Nijeriya. A 2004 aka kafa doka cewa kowane yaro ya sami shekara 9 na karatu, kyauta kuma tilas: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Duk da haka ƙungiyar UNICEF ta yi shekaru tana faɗa cewa yaran ƙasan nan da ba su zuwa makaranta sun wuce miliyan 10, yawancinsu kuwa a Arewa su ke. Gwamnatin Jihar Kano da kanta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ilimi a 2024, gama ta ga nauyin ya yi yawa.

Ashe nisa iri biyu ne. Akwai nisa na ƙafa: unguwar da ta ke tafiyar sa'a guda daga kwalta, wadda idan damina ta sauka rafi ya kan raba ta da makaranta, yaro ƙarami kuwa ba shi iya ƙetarewa. Akwai kuma nisa na zuciya, shi ne ya fi muni: yaro yana nan kusa, kana wucewa ta ƙofar gidansu ran kasuwa, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko ya iya rubuta sunansa. Gwamnati ce ta ke da ikon gina gada da makaranta. Nisa na biyu kuwa, ba mai-rage shi sai maƙwabci. Kai ne maƙwabcin nan.

III. ABIN DA UBANGIJI YA NUNA MANA

A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 10, an ba mu labarin ranar da mutane su ka kawo wa Ubangiji Yesu 'ya'yansu ƙanana. Almajiransa su ka tsauta musu, gama a ganinsu Malam yana da manyan al'amura, ba shi da sukunin yara. Amma Yesu ya ji haushin wannan ƙwarai. Ya hana almajiran korarsu, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. Ka duba da kyau: waɗanda su ka tare wa yara hanya ba maƙiya ba ne, masu-binsa ne na kusa. Wannan abin tsoro ne gare mu. Mai-bi yana iya cika majami'a da waƙa, duk da haka ya zama shi ne shingen da ya ke tsakanin yaro da alheri, ta wurin rashin kula kaɗai.

A cikin Yohanna, sura 6, taro mai-girma ya ji yunwa a wurin da ba kasuwa. Filibus ya yi lissafin kuɗi ya ga ba za su isa ba. Andarawus kuwa ya lura da wani ɗan yaro mai-gurasa biyar da kifi biyu, ya faɗa wa Yesu. Da wannan ɗan guzuri aka ƙosad da dubbai. Yawancinmu mu kan tsaya inda Filibus ya tsaya, muna ƙirga abin da ba mu da shi. Ubangiji yana neman wanda za ya kawo abin da ya ke hannu, kome ƙanƙantarsa.

Ka tuna kuma da Dokas ta garin Yafa, wadda labarinta ya ke cikin Ayyukan Manzanni, sura 9. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Allura da zare ne aikinta, amma ran da ta mutu gwauraye su ka taru suna kuka, suna nuna tufafin da ta ɗinka. Yaƙub kuma, a sura 2 ta wasiƙarsa, ya yi mana kashedi a kan bangaskiyar da ta ke sallamar mayunwaci da fatan alheri kaɗai. Kada ka yi kuskure a nan, ya ɗan'uwa: ba da aikin nan za ka sayi ceto ba, gama ceto kyauta ne, an riga an ba ka. Amma itacen da ya ke da rai ya kan yi 'ya'ya, wanda aka yi wa alheri kuwa, kunya ce gare shi ya rufe hannunsa.

IV. WAƊANDA SU KA RIGA MU

Kada ka yi tsammani wannan sabon abu ne. A ƙasar Ingila, a garin Gloucester, akwai wani mai-buga jarida sunansa Robert Raikes. Ya ga yaran talakawa suna aiki kwana shida a masana'antu, ran Lahadi kuwa suna yawo a titi ba mai-kula da su. A 1780 ya soma tara su ran Lahadi domin a koya musu karatu. Da fari ya biya waɗansu mata ɗan kuɗi su koyar, daga baya aikin ya bazu, ya koma hannun masu-bi waɗanda ba su karɓar kome. Asalin makarantar Lahadi ke nan.

A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, wajen 1930, wani mai-bishara Ba'amurke, Frank Laubach, ya shirya hanya mai-sauƙi ta koyad da karatu a cikin harshen mutanen wurin, waɗanda Musulmi ne. Sai kuɗin biyan malamai ya yanke. Maimakon aikin ya mutu, wani shugabansu ya yanke cewa duk wanda ya koya, lallai ya koya wa wani. Da wannan ka'ida aikin ya ci gaba, har ƙasashe da yawa su ka ɗauke ta.

A ƙasarmu ta Hausa, Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, yana tara yara a gidansa yana koya musu. A 1929 aikin ya koma Wusasa, a 1932 kuwa aka buga Littafi Mai-Tsarki duka da Hausa. Cikin yaran da su ka yi karatu a Wusasa akwai Barau Dikko, wanda ya zama likita na fari daga Arewa, da Ishaya Audu, haifaffen Ancau, wanda ya zama likitan yara, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wanda ya fara nuna wa yaron nan baƙaƙe bai san abin da za ya zama ba. Kai ma ba ka san abin da ya ke cikin yaron da ya ke kiwon awaki ba.

Kada kuma mu ɗauka masu-bi kaɗai ne su ka san alheri. A cikin shekarun 1950 Gwamnatin Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, mutanen ƙauye masu-ɗan karatu su ka zauna a zaure suna koya wa 'yan'uwansu. A zamaninmu kuma mata da yawa na ƙasar Kano sun bi gida gida suna roƙon iyaye su bari a ɗiga wa yara maganin shan-inna, har a 2020 aka yi shela cewa an kawad da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, ko da ya ke ana ci gaba da rigakafin. Maƙwabtanmu Musulmi sun yi wahala a cikin wannan aiki. Idan sun riga mu, sai mu gode wa Allah, mu yi koyi.

V. ABIN DA ZA KA IYA YI

Na fari, idan ka iya karatu, ka zaɓi unguwa ɗaya, ka sa rana biyu a mako, da la'asar bayan an taso daga gona. Inuwar itace ta isa aji, ƙasa ta isa allo, tsinke ya isa alƙalami. Ka fara da Hausa, gama yaro ya fi saurin gane baƙi a cikin harshen da ya sha a nono, idan kuwa ya iya karanta Hausa, Turanci za ya zo masa da sauƙi. Ka koya musu ƙirga da tsakuwa da ƙwayar gyaɗa. Yara biyar waɗanda ka san sunayensu sun fi hamsin waɗanda ba ka sani ba.

Na biyu, ka zama mataimakin makarantar gwamnati, kada ka zama kishiyarta. Ka gai da shugaban makaranta, ka tambaye shi yaran da su ka daina zuwa. Yawanci a lokacin shuka da lokacin kaka a ke rasa su, waɗansu kuwa ba su komowa. Ka je gidansu ka ji dalili. Sau da yawa abin ƙarami ne: rashin littafin rubutu, ko yagaggiyar riga, ko tsoron rafi. Idan rafi ne, babba ɗaya wanda za ya raka su da safe ya isa.

Na uku, ke 'yar'uwa a cikin zumuntar mata, akwai ƙofar da namiji ba shi shiga, ke kuwa da sallama kaɗai za ki shiga. Ki zauna da uwar yarinyar da a ke ɗora wa talla. Kada ki zarge ta, gama da ribar tallan nan a ke sayen gishiri, a ke kuma tara kayan ɗaki. Ki nemi shawara tare da ita, ko yarinya za ta yi karatu da safe, tallan ya koma yamma.

Na huɗu, ka kula da jikinsu, gama yaro mai-zazzaɓi ba shi koyon kome. Ka tuna wa iyaye su sa yara cikin gidan sauro, su kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓin da ma'aikatan lafiya su kan raba wa ƙananan yara wata wata da damina. Idan yaro yana zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙullin da a ke samu a asibiti shi ya fi, idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai-tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Idan da bazara ka ga zazzaɓi mai-zafi tare da sanƙarewar wuya, kada a kwana, a kai shi asibiti. Dattawanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya ɗauki dubban rayuka a Arewa. Amma ka san iyakarka: kai ba likita ba ne. Aikinka ka lura, ka faɗa, ka raka.

VI. ABUBUWA BIYAR DA ZA KA KIYAYE

1. Ka shiga ta ƙofa. Kafin ka tara yaro ko ɗaya, ka gai da mai-unguwa, ka nemi yardar iyaye, ka kuma shaida wa dattawan ekklisiyarka. Kada ka sa lokacinka ya ci karo da na makarantar allo ko na salla.

2. Kada ka mai da alheri tarko. Idan ka ce wa uba karatu da lissafi za ka koya wa ɗansa, to, karatu da lissafi za ka koya masa. Kada ka ɓoye cewa kai mai-bin Yesu ne, idan an tambaye ka dalilin aikinka ka faɗa da tawali'u. Amma wanda ya yaudari iyaye da sunan Ubangiji ya ɓata sunan nan, ya kuma rufe ƙofa ga waɗanda za su zo bayansa.

3. Kada ka zaɓa. Ɗan mai-bi da ɗan Musulmi da ɗan Fulanin da su ka sauka a bayan gari, da gurgu da kurma, duk Allah ɗaya ya halicce su. Wanda ya fi jinkirin ganewa, shi ne ya fi bukatarka.

4. Ka yi aikinka a fili. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki, kada namiji ya tara 'yammata shi kaɗai. Ku zama biyu, a wurin da kowa ya ke gani. Wannan ya kan tsare yara, ya kan tsare sunanka kuma. Ka ajiye bulala, gama tsoro ba ya buɗe kai. Idan kuwa ka ga alama ana cutad da wani yaro, kada ka yi shiru, ka kai magana wurin shugabanni.

5. Ka cika alkawari. Wannan shi ne mafi wuya. Da yawa su kan fara da zafi, bayan wata biyu su ɓace. Yaron da ya zauna a gindin itace yana jiranka ba ka zo ba, ya koyi darasi mai-ɗaci, cewa maganar manya iska ce. Gara ka ɗauki rana ɗaya a mako ka riƙe ta shekara uku, da ka ɗauki kullum ka yar kafin kaka.

VII. WAƊANSU HUJJOJI

Wataƙila za ka ce, Ni talaka ne, ina fama da tawa gonar. Gaskiya ne, ba a kuwa ce ka bar iyalinka da yunwa ba. Manzo Bulus da kansa ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa yana ci da hannunsa. Amma ka tuna da gayya. Ran da maƙwabci ya kira, kowa ya kan bar nasa aikin wuni guda ya ɗauki fartanya, ba wanda ya talauce saboda haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wataƙila za ka ce, Karatuna kaɗan ne, firamare kaɗai na gama. To, wanda ya san baƙaƙe ya fi wanda bai san ko ɗaya ba. Ka ba da abin da ka ke da shi, za ka ga naka karatun yana ƙaruwa wajen koyarwa. Idan kuwa ba ka iya karatu sam, kana iya share wuri, ka ɗebo ruwan sha, ka raka yara, ka kuma zauna a bayansu ka koya tare da su. Ba abin kunya ba ne.

Wataƙila za ka ce, Ba wanda za ya gode mini. Mai-yiwuwa ne. Waɗansu ma za su zarge ka, su ce akwai abin da a ke ba ka a ɓoye. Ka yi haƙuri, kada ka rama, kwana da tashi halinka za ya ba su amsa. Ubangiji ya koya mana a cikin Matta, sura 6, mu yi alherinmu ba da neman yabon mutane ba, gama Uba yana ganin abin da a ke yi a asirce. Mai-shuka ɗorawa ya san ba lallai shi ne za ya ci kalwarta ba, duk da haka ya kan shuka.

Yanzu fa, ya ɗan'uwa, kada ka ninke takardan nan ka ce, Magana ce mai-kyau, sa'an nan ka manta. Kafin Lahadi mai-zuwa ka yi abu uku. Ka tuna da sunan unguwa ɗaya wadda ta ke nesa da makaranta. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya wanda za ku tafi tare. Ku je wurin dattawan ekklisiya ku faɗa musu nufinku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaran bana kuwa ba za su jira mu har baɗi suna yara ba.

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai da ka san kowane yaro da sunansa, har wanda ya ke a unguwar da ba mai-zuwa, ka gafarta mana rashin kulawarmu. Ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda mu ke wucewa. Ka ba mu ƙafa mai-zuwa, da baki mai-gaskiya, da zuciya mai-jimrewa sa'anda gajiya ta zo. Ka sa albarka ga iyayensu da malamansu da sarakunan ƙasarmu, ka zaunad da mu lafiya da maƙwabtanmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.